Dish Mai Leƙen Gidan Maƙwabta

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ba zan manta da shari'ar dish ɗin yayana a Kafin Maiyaƙi ba.

Shekarar da masara ta yi masa kyau, ya ɗauko mai gyara daga Kano, aka kafa masa dish a kan soro, aka haɗa da wani ɗan inji. Da ya danna rimot daga ɗaki sai farantin ya juya da kansa, ya saki wannan tauraro ya kamo wancan. Abu ya yi kyau, sai dai bakin yayana ba shi da linzami. Kullum a majalisa cewa yake, "Abin nan da kuke gani, babu inda idonsa ba ya kaiwa. Har ɗakin Turawa leƙawa yake."

Maƙwabcinmu, wani dattijo mai iyali, duk yana ji. A garinmu kuwa ko indararo za ka gyara, sai ka aika wa maƙwabta cewa za a hau sama, mata su kimtsa. Shi kuma ga faranti kullum da la'asar yana gurnani, yana karkato fuska har ya tsaya saitin tsakar gidansa. Sai ya kai ƙara wurin mai unguwa.

Aka tara mu a zaure. Mai unguwa ya ce, "Alhaji, tambaya ɗaya ce. Abin nan yana gani ko ba ya gani?"

Na zunguri yayana, na ce a hankali, "Yaya, ka ce ƙarfe ne kawai, mu tafi." Ya ɗaga kai, ya ga zauren cike da 'yan majalisarsa. Ya gyara hula ya ce, "Ranka ya daɗe, gani kam yana gani. Amma yana da kunya."

Mai unguwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "To mai gani hukuncinsa ɗaya da mai hawa soro. Kafin ya juya, ka je da ƙafarka ka yi wa maƙwabta sallama."

Haka mutumin da ya sayi inji don kada ya tashi daga kujera ya koma neman takalmi duk sanda zai sauya tauraro, yana bin ƙofofi: "Salamu alaikum, za a juya." Takaici ya hana ni dariya a lokacin, yanzu kam ina ramawa. Da ya gaji ya bar farantin wuri ɗaya, har injin ya yi tsatsa.

Tun daga nan na gane cewa mai cika baki, in an ƙaryata shi an yi masa gata. Ranar da aka yarda da shi ce ranar wahalarsa.