Ɗan Fari a Cikin Kurata

Ni ɗan fari ne, kuma a garinmu, can bayan Sandamu, wannan ba matsayi ba ne da za a taya mutum murnarsa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta tsayawa ta dube shi ido cikin ido. Kunya ake ce wa abin, kuma matar da ta fi riƙe ta ita ake yabo. To, Innata da hannu biyu ta riƙe tata. Ana yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, uwar Baba, can na girma, katanga ɗaya ce tsakanina da ɗakin da aka haife ni. In na durƙusa na gaishe da Inna da safe, tukunyar da ke gabanta take amsa wa. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Ina wancan ya shiga?" Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa dukana ba, tuwona kuma bai taɓa yin kaɗan ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka labarin mugunta zan bayar.

Daga ni sai mace, sai auta. A kan autan nan na gane ashe Inna tana da baki. Sunansa kam ya sha kira. Da shi take tashi, da shi take kwana, har waƙa take yi masa da shi in tana daka. Ya fasa tulu, dariya. Ya ci jarrabawa, a raba ƙosai sadaka. Ni kuwa da na gama sakandare, shiru ka ji, na tattara na shiga Daura koyon gyaran inji. Babura nake gyarawa da injinan ban ruwa, kuma ba yabon kai ba, 'yan acaɓan da ke jigilar kaya zuwa Kongolam sun san rumfata. Amma wa zai yi guɗa don babur ya tashi?

Auta ya samu shiga makarantar hafsoshi tun gashin baki bai fito masa ba. Shekarun da ya yi can ban damu sosai ba, don ko ba komai gidan ya huta da sunansa. Sai ranar da ya dawo da anini ɗaya a kafaɗa. Ni na je tasha na ɗauko shi a babur, jakarsa a kan tanki. Muna shan kwanar gida na hango Inna a waje, ba takalmi, mayafinta ya zame har wuya. Matar da ko ƙofar zaure ba ta leƙawa. Ta kama fuskarsa da tafukanta biyu tana kallo kamar yau aka haifa mata shi, maƙwabta suna ta rangaɗa guɗa. Wani tsoho, abokin Baba, ya sa sanda ya ture ni gefe yana cewa a ba hafsa hanya. Na tsaya rungume da jaka, da baƙin mai a ƙarƙashin farcena, ina murmushi irin na wanda aka taka wa ƙafa a masallaci. Ba zan ɓoye ba, ƙyashi ne ya cika min ciki har na kasa cin dambun da aka yi masa, kuma Inna ta iya dambu.

Ba son ƙasa ne ya kai ni soja ba, ko da yake daga baya na koyi faɗin haka in an tambaye ni. So nake in dawo gida sanye da kaki, in ga ko wannan ƙafar za ta sake taka ƙofar gida ba takalmi. Shekaruna sun wuce na ɗaukar kurata, amma akwai ƙofar masu sana'ar hannu, wadda ake ɗan ɗaga wa ƙafa, kuma a wannan shekarar ita ma take shirin rufe min. Na nema, aka gwada ni da spana da gudu, na samu.

Baba ya daɗe yana shafa gemu da na gaya masa. Ya ce, "Da girmanka? Sa'anninka suna neman aure, kai kana neman wanda zai sa ka tsallen kwaɗo?" Daga ƙarshe ya sa min albarka. Inna tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji komai, rariyar ba ta ko tsaya ba. Ranar tafiya ƙanwata ta kawo min ƙullin ƙuli-ƙuli da bargo, ta ce an ce a ba ni. Na yi sallama daga bakin ƙofar ɗaki, aka amsa daga ciki.

A sansanin horo a Zariya abin da aka fara yi mana shi ne aski. Aka sauke sumata, aka bi da gemun da na yi shekara da shekaru ina tattali, na shafa haɓata na ji ta kamar ta wani. Duk da haka yaran ba su ruɗe ba. Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Dattijo. "Dattijo, a kawo maka sanda?" "Dattijo, jikokinka sun san kana nan?" Kofur ɗin da ke horar da mu, na tabbata na riga shi fara azumi, amma in ya daka tsawa sai in tsinci kaina a kwance cikin taɓo tun kafin in tuna da haka. Yaran nan a yi musu gudun da zai kashe jaki, su kwanta su tashi garau kamar an canza musu ƙafafu. Ni kuwa sai na lallashi gwiwata ta hagu kafin ta yarda ta sauka daga gado. Na yi ƙyashin gwiwoyinsu, na yi ƙyashin barcinsu, na yi ƙyashin yadda ake zaginsu su manta kafin a busa usur na gaba.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne ranar da aka bar mu mu kira gida. Sai ka ga ƙaton da ke yi min dariya ya maƙala waya a kunne yana shagwaɓa, muryar uwarsa tana fitowa har inda nake, tana kiransa da sunayen da shi kansa yake jin kunyarsu. Na kira wayar Baba. Muka gama maganar damina da ta tumaki, na ce a ba Inna. Na ji takunsa zuwa tsakar gida, na ji ya ce ga shi, sai na ji muryarta daga nesa tana cewa, "A ce muna lafiya." Na mayar da wayar na koma na goge takalmina, wanda na riga na goge.

Watannin suka wuce, ban mutu ba. Rana ta ƙona ni na yi baƙi ƙirin, kumatuna suka zurma, wuyana ya yi tsawo. Makon ƙarshe kuma, saboda ihun fareti, muryata ta dishe har sai na matsa kusa da mutum kafin ya ji ni. Auta ya aiko cewa zai ɗauko mota ya kawo mutanen gida bikin yaye mu. Na ɗauka Baba ne da ƙanwata, don Inna ba ta taɓa wuce Kano ba, ga idonta ya fara yin yana, abu in ya yi nisa sai ta gan shi dishi-dishi.

Da aka tashi daga fareti jama'a suka ɓarke cikin fili, kowa yana neman nasa a cikin kawuna iri ɗaya da kaki iri ɗaya. Na yi ta kutsawa ina dube-dube. Can gefen fili, ƙarƙashin wata darbejiya, na hango mayafin da na sani. Inna ce zaune a kan tabarma ita kaɗai, da ƙwarya a rufe da faifai a gabanta. Sauran sun shiga taro nemana. Na ƙarasa, hulata a kan gira, na tsaya na yi sallama da wannan muryar tawa ta agwagwa.

Ta ɗago kai ta dube ni. A fuska. Ta kuma ci gaba da dubana.

"Wa alaikumus salam. Sannu, ɗan nan, sannu. Kai naka ba su zo ba ne?"

Na dubi ƙasa. Ita kuwa ta ɗauki hakan a matsayin amsa.

"Wayyo. To zo nan, zauna. Zauna mana, yau ni ce uwarka."

Na zauna a bakin tabarmar. Ta kamo hannuna ta juya tafin, ta bi kantar da babban yatsanta tana tsaki. Tunda na yi wayo fatar hannunta ba ta taɓa tawa ba, ban ma san tana da taushi haka ba.

"Dubi yadda suka mayar da ɗan mutane. Wannan ai sai uwarka ta yi kuka. Ba sa ba ku abinci ne?"

Ta buɗe ƙwaryar, furar gero ce da nono, ta dama, ta zuba a kwano ta miƙo min da ludayi. Ta ce in sha a hankali kada ta sarƙe ni. Ina sha tana kore min ƙuda da gefen mayafinta. Sai ta waiga dama da hagu, ta rage murya.

"Ɗan nan, in tambaye ka. A cikinku akwai wani babba, ya girme ku duka. Mutumin Daura ne, mai gyaran inji. Ka san shi?"

Na gyaɗa kai.

"Yaya yake? Gwiwarsa fa? Ta hagu. Tun yana ƙarami ya faɗo daga kan jaki, in sanyi ya kama ta sai ya riƙa jan ƙafar, yana tsammanin ba a gani. Ba zai faɗa ba, ko mutuwa zai yi. Haka yake, komai a ciki. Ba su dai sa shi gudu da ita ba ko?"

Na ce, da iyakar abin da maƙogwarona ya bari, yana lafiya.

"Alhamdu lillahi. Ka ga wannan da nake gaya maka, hannunsa akwai albarka. Injin da kowa ya haƙura da shi, in ya taɓa sai ya tashi. Tunda ya tafi ba ranar da wani ba ya zuwa ƙofar gida tambayarsa. Ni ban ga abin da ya rasa ba da zai zo nan a riƙa yi masa tsawa. Amma wa zai gaya masa?"

Hannunta har yanzu yana kan wuyan hannuna. Ko ga baƙo ba ta faɗi sunan ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai cikin kwano ina addu'a Allah ya sa su Baba su ɓace a cikin taron nan har la'asar.

Ba su ɓace ba. Na hango anini yana ƙyalli yana nufo mu, Baba da ƙanwata a baya. Jikina ya riga ni yanke shawara, na ajiye kwano na miƙe na ƙame na sara wa ƙanena. Shi ma ya sara, fuska a ɗaure kamar yadda aka koya masa, sannan ya rasa yadda zai yi da kansa, ya ɗan rusuna a cikin kakinsa ya ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari. Ashe har kun haɗu da Inna."

Ludayin da ta ɗauka zai koma ƙwarya ya tsaya a sama. Ta dubi auta, ta dubi takalmina, daga nan ba ta ƙara hawa sama ba. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya min kafaɗa. Ƙanwata ta gane abin da ya faru ta fashe da dariya har da riƙe ciki, Baba yana ta cewa ai shi ma da a hanya ya gamu da ni wucewa zai yi. Inna ta jawo auta ta zaunar, ta shiga gyara masa wuyan riga, tana faɗan ya bar ta ita kaɗai cikin baƙin mutane, tana kiran sunansa a kowace gaɓa.

Na ɗauki kwanona na koma gefe. Na san abin da mai hankali zai ce, cewa na ji da kunnena abin da ban taɓa zaton yana nan ba, sai in gode wa Allah. Na gode. Amma ba ni aka gaya wa ba. Ɗan wata mata aka gaya wa, wanda nasa ba su zo ba, shi aka riƙe wa hannu, shi aka kore wa ƙuda.

Muna nan sai ga wani kurtu ya zo wucewa shi kaɗai, siriri, yana rungume da jakarsa yana kallon iyalan mutane. Ba ɗan rukuninmu ba ne, ban taɓa ganinsa ba. Inna ta tambayi auta a hankali ko wannan ma namu ne, ya ce a'a. Sai ta yaye mayafin daga fuskarta ta ɗaga murya.

"Ɗan nan! Kai naka ba su zo ba ne? Zo ka sha fura."

Yaron ya zo yana sunne kai, ya zauna daidai inda na tashi. Ta kamo hannunsa ta juya tafin. Ina tsaye a rana da kwano a hannu, sabon soja, kuma wallahi duk shekarun da na yi ina ƙyashin auta ban taɓa jin haushinsa kamar yadda na ji haushin yaron nan ba.