Igiyar da na naɗe a hannuna

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na samu duniya na manta da mutane, Allah ya yafe muku. A kwance nake.

Duk wanda ya san ni a Tarai ya san ni da abu biyu: keken ɗinkina da dokina, Danda. Ɗinki ke ciyar da gidana, doki kuwa tsabar so ne.

Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini hawa. Kafin ya bar ni in yi sukuwa, sai da ya kai ni yashin rafi ya ce in riƙa faɗowa da gangan. "Zare ƙafa daga likkafa, saki linzami, dunƙule ka mirgina." Na yi sau biyu na ce na iya.

A raina kuwa dariya nake. Wa zai saki dokinsa? A garinmu, in doki ya shigo babu mahayi, ka shiga uku da 'yan majalisa, har jikokinka sai sun sha labari. Shi ya sa kullum nake naɗe igiyar linzami a wuyan hannuna na dama.

Wata Juma'a bayan la'asar ina dawowa daga Nariya, iska ta kwaso wata baƙar leda ta gifta gaban Danda. Leda fa! Ya zabura, sai ga ni a ƙasa. Faɗuwar ba wani abu ba ce, igiyar ce ta ƙi sakina. Ya ja ni cikin gonar dawa har sai da ta tsinke. Na ji wani abu ya yage a kafaɗata, daga nan ban sake sanin inda nake ba.

Sati uku na yi a hannun mai ɗori. Ƙashi ya kama, amma hannun yana reto kamar ba nawa ba. Ko ƙuda ya sauka ba na ji.

Daga asibitin Rano aka tura mu Kano. Layin kati, hoto, sai wani gwaji da ake soka allurai ana sa wuta a ga ko jijiya za ta amsa. Ba ta amsa ba.

Likita ya ce, "Malam Sule, ba faɗuwa ce ta yi wannan ba, fizga ce. Jijiyoyin da ke motsa hannun ne suka yage."

Na ce, "Zan sake riƙe almakashi?"

Ya ce, "Mu fara tukuna."

Wallahi ranar na yi kuka, kukan babban mutum mai 'ya'ya huɗu.

Aka yi aiki, aka shiga gashi. Kuɗin aikin, Danda ne ya biya shi. Ranar da mai saye ya zo kwance shi daga turke, na ce wa matata Hadiza ta rufe mini taga.

Kawu Ilu kullum yana zuwa ya murza mini yatsu da man kaɗanya. Ko sau ɗaya bai ce ai ya gaya mini ba. Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

A wata na biyar babban yatsana ya motsa. Yanzu ina danne yadi da dama, in yanka da hagu. Ɗinkin ba kamar da ba, amma ana cin tuwo. Alhamdulillahi. Na gode wa Kawu, da masu gashi, da duk wanda ya yi mini addu'a.

Masu hawa, don Allah: kada ku naɗe igiya a hannu. Ku je yashi ku koyi faɗuwa. Kada ku tokare ƙasa da hannu. In gaɓa ta daina ji, ku wuce asibiti a ranar.

Kwanan nan na tambayi Hadiza yadda aka gano ni, tunda dawa ta rufe ni ruf.

Ta ce, "Danda ne ya zo ƙofar gida shi kaɗai, yana jan guntuwar igiya. Sawunsa aka bi."

Na ce, "'Yan majalisa sun yi dariya?"

Ta ce, "Su suka ɗauko ka."