Kawu Iro da Haƙorana Biyar

Duk wanda ya taɓa cin nama a zauren Kawu Iro ya san ba a shiga a zaɓa. Za ka cire takalmi ka zauna a tabarma, ya zo da wuƙa a hannu ya tsaya a kanka, ya ce ka buɗe baki. Ya leƙa ciki kamar mai taya rago a kasuwa. Abin da ya gani shi zai yanka maka. Saurayi mai cikakkun turame, jijiya da ƙirji. Magidanci, tsokar cinya. Tsoho mai giɓi, hanta da kitse. In ka yi gardama ya ce shi ya san naman sa, ya kuma ga cikin bakinka, kai kuwa ba ka san naman ba, cikin bakin naka ma ba ka taɓa gani ba.

Ku da kuka tashi a garinmu kun san wurin. Zauren ƙasa ne a bakin kasuwa, kan hanyar Minjibir, hayaƙi ya mai da rufinsa baƙi ƙirin. Ba kujera, ba cokali, ba lemon kwalba. Randa ɗaya, moɗa ɗaya. Sa ɗaya yake yankawa ranar kasuwa, ya hura wuta da hantsi, a fara ci bayan la'asar, a watse da kiran isha'i. Ba ya ƙunshe wa kowa nama a takarda. Mai ci ya zauna ya ci. Haka ya tarar ubansa yana yi, haka ya yi har ya bar duniya.

Wan mahaifiyata ne. Abin da zan faɗa kuma a kaina ya faru.

Motar hatsi ce ta kife da mu. Mu huɗu ne a saman buhuna, ni kaɗai na fito daga asibiti da ƙafata. Muƙamuƙina ya karye, aka ɗaure da waya, ya warke a karkace. Haƙori biyar suka rage mini, kuma babu biyu da suke haɗuwa. Likita ya ce bakin ba zai riƙe na roba ba.

Na shekara biyu a kan koko da fura. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni wani suna ne da na je. Na kai lomar tuwo, miya ta zubo ta gefen bakina ta bi rigata, waɗanda muke kwano ɗaya da su suka sunkuyar da kai. Ba wanda ya yi dariya. Da ma dariyar aka yi. Tun ranar ban sake cin komai a gaban mutum ba. Matata ma sai ta ajiye ta fita. A ƙauye kuwa wanda ba ya sa hannu a kwano da kowa baƙo ne, ko a nan aka binne cibiyarsa. Na samu aikin gadi a Bacirawa, cikin Kano. Na ce da an yanke dawa zan ba da gonata aro, in tafi inda ba wanda ya san tsohon bakina.

Labari ya kai wa Kawu. Mutumin da ba ya zuwa gidan kowa sai gaisuwar mutuwa, sai ga shi a ƙofata. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce in buɗe. Ya daɗe yana leƙe, har da sa yatsa. Da ya gama ya goge yatsan a rigarsa.

"Sale, wallahi in aka yanke dawa ba ka ci naman da na gasa a zaurena cikin mutane ba, na ajiye wuƙa. Ko zakara ba zan ƙara yankawa ba."

Na ce ya yi kaffara tun yanzu ya huta. Ya ce bai taɓa yin kaffara ba, ba kuma a kan bakina zai fara ba. Abu ɗaya ya nema: duk ranar kasuwa in zo in zauna a zauren, ko ban ci ba. Lokacin gero ya fara fid da kai. Na yarda, don in ga inda taurin kai zai kai shi.

Gwaji a bayan zaure muke yi, ni da shi, fuskata tana kallon bango. Ya fara da hanta, ta farfashe ta shaƙe ni. Ya kawo ƙoda, ta yi ta zille wa haƙoran kamar sabulu. Ya daddatsa tsoka ƙanana ƙanana kamar dambu, na haɗiye, na ce to ga shi na ci, rantsuwa ta fita. Ya ce wannan haɗiya ce ba ci ba, kaza ma tana haɗiya. Na koma kusurwata na zauna ina kallon mutane suna tauna.

Ina wannan zaman ne direban wani ɗan kwangila ya zo da baƙar mota, ya ce maigidansa ya ji labarin naman, a ƙunshe masa. Kawu bai ɗago daga kan wuta ba, ya tambaye shi ina bakin da zai ci. Direba ya ce bakin yana Kano, a ofis. Kawu ya ce shi ba ya yanka wa bakin da bai gani ba. Direban ya kira maigidan a wayar nan da ake ganin mutum, ya yi ta bayani yana share gumi. Can sai ga Alhaji a fuskar waya, da babbar riga da hula, ya wage baki. Kawu ya wanke hannu, ya karɓi wayar, ya kai ta bakin ƙofa inda haske yake. Ya ce a karkata hagu, aka karkata. Ya ce a ɗaga harshe, aka ɗaga. Ya miƙa wa direba wayarsa.

"Na ga bakin. Turmin dama na ƙasa ya ruɓe, tsoka zai ci. To, ya kawo shi."

Mako na zagayowa ya kawo shi. Ya cire takalmi kamar kowa, ya sha ruwa da moɗar da mai tura baro ya ajiye. Har da neman ƙari.

Ni dai shiru. An girbe gero, an cire gyaɗa, dawa ta fara ja. Kawu ya rage magana. Na ga wata rana yana shafa ƙotar wuƙarsa yana kallon gonakin da suke bayan kasuwa. Na sake yi masa maganar kaffara, ya ce in tashi in ƙaro itace.

Sai Malam Buba ya zo. Tsohon malamin firamare ne daga wajen Shanono, ya dawo zama wurin 'yarsa da take aure a garinmu, ba wanda ya san shi. Ya haura saba'in, ga furfura, ga sanda. Kawu ya ce ya buɗe. Ya buɗe. Haƙora jere reras, farare tas, ba giɓi ko ɗaya. Kawu ya kira samarin zauren ya ce su zo su ga bakin mutanen da, waɗanda suka tashi da asawaki ba da alewa ba. Ya zaɓo jijiyar ƙafa, wadda ko samarin suke gudu, ya ɗora masa a faranti da hannu biyu don girmamawa.

Malam Buba mutum ne mai kunya, ya karɓa. Ya yi bismilla, ya ciza, ya ja. Jijiya ta ƙi. Ya ƙara ja. Naman ya fito, haƙoran sama gaba ɗaya suna riƙe da shi.

Malam Buba ya ɓamɓare haƙoransa daga jikin naman, ya cire na ƙasan ma, ya ɗauraye su da buta, ya sa a aljihun gaba kusa da biro. Ya ce in akwai kitse a taimaka masa. Kawu ya daɗe a tsaye.

"Shekara arba'in ina duba baki," in ji shi, "yau roba ta yi mini ƙarya."

Tun daga ranar ya ƙara tambaya ɗaya. Duk wanda ya buɗe masa baki mai kyau sai ya ji: na Allah ne ko na likita? Har liman bai tsira ba.

Amma ranar ba kunya ce ta riƙe Kawu ba. Da aka kawo kitsen, tsugunawa ya yi a gaban Malam Buba, ya ce ya ci a hankali. Ya yi ta kallon bakin tsohon kamar mai koyon karatu. Da aka watse ya same ni a bayan zaure. Ya ce ashe wata uku muna wahalar banza. Muna neman naman da haƙori biyar za su tauna, alhali biyar ɗin ba su da amfani sai ado. Tsohon nan da harshe yake ci, ya danne naman a saman bakinsa ya murje. Naman harshe za mu nema.

Ni kuma abin da na gani daban. Na ga haƙoran mutum sun fita a gaban jama'a, ya ci gaba da cin abincinsa, ya kuma dawo mako na gaba. Ban faɗa wa Kawu ba.

Tozo ya zaɓa. Kun san Kawu da tattali. Yajin da ya rage a faranti sai ya share ya mayar gwangwani, ƙashi ba ya fita zauren sai an fasa an zuƙe ɓargon. Wannan mutumin ne ya ɓata tozo uku a kaina. Yakan shafe shi da man gyaɗa da yaji, ya sa a tukunyar ƙasa, ya liƙe murfin da laka, ya binne cikin toka da garwashi tun hantsi. Na farko ya fito gawayi. Na biyu waje ya yi, ciki kamar takalmi. Na uku ya narke duka, sai mai a gindin tukunya da ɗan abin da ba ya kai loma.

Dattawan da suka saba cin tozo suka fara ƙorafi. Wani ya ce Iro ya tsufa ya koma girkin mata, farfesu yake yi. Kawu ya ce ko ɗigon ruwa bai taɓa tukunyar ba, abin da wuta ta gasa ba ruwa gashi ne, wanda bai yarda ba ya je ya yanka nasa san.

Ranar kasuwar ƙarshe ta zo. An fara yankan dawa a gonakin yamma, tawa saura kwana uku. Na riga na ɗaure kayana. Wannan karon bai kira ni bayan zaure ba. Bayan la'asar, wuri cike, ya tono tukunyar, ya kawo ta tsakiyar tabarma, ya fasa lakar. Ƙamshin ya sa masu tauna suka tsaya. Ya juye a faranti. Ya kira Malam Buba, wanda tun a bakin ƙofa ya cire haƙoransa ya sa aljihu, ya kira wasu tsofaffi biyu masu wawulo, ya zaunar da su. Ya bar wuri ɗaya. Sannan ya zare wuƙarsa ya ajiye a gefen farantin, ƙotar tana kallona.

"Sale, taso. Ka ɗauki ɗaya, ko naman ko wuƙar."

Na dubi wuƙar. Wasawa ya cinye ta har ta zama siririya kamar ganyen rake. Ta ubansa ce.

Na taso na zauna. Na yi bismilla na sa hannu. Naman bai jira wuƙa ba, yatsa biyu suka raba shi. Na kai baki, na danne da harshe yadda aka ce. Ya baje. Yaji, hayaƙi, kitse, da tsokar da take da zare amma ba ta gardama. Shekara biyu da wata huɗu rabona da wannan. Mai ya zubo ta gefen da ya karkace, ya bi haɓata ya ɗiga. Na ɗago ido. Malam Buba mai ya kai masa har gemu. Tsofaffin biyu ko kallona ba su yi ba, hannu suke kaiwa da sauri. Na ga in na tsaya jin kunya za su cinye. Na kai loma ta biyu.

Kawu ya sunkuya ya ɗauki wuƙarsa, ya goge ta a cinya, ya ce ina ɓata masa tabarma da mai. Ya juya wajen wuta ya daɗe yana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara. Wani saurayi ya fara tafi, Kawu ya ce masa nan ba filin ƙwallo ba ne.

Da farantin ya ƙare na lashe yatsuna, na ce Kawu a ƙaro.

"Sa ɗaya, tozo ɗaya. Ka dawo mako mai zuwa."

Na je gida na kwance kayana. Da yamma washegari na ce wa matata ta kawo tuwon ta zauna mu ci. Na yanke dawata, na aika Bacirawa su nemi wani mai gadin. Shekara tara ina komawa duk ranar kasuwa, ba ranar da ya taɓa tambayata ko ya yi daɗi.

Da damina ya rasu, bayan jinyar kwana huɗu. Ina cikin waɗanda suka shiga kabarin suka karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ban san haka ya rame ba, babbar rigar aiki ce take ɓoyewa.

Allah Ya jiƙan Kawu Iro. Kawu ya mayar da ni cikin mutane, ya Allah kada Ka bar shi shi kaɗai. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka yafe masa zafin bakinsa, Ka zaunar da shi cikin mutanen kirki. Amin.