Kawu da Jajayen Layuka Dubu Uku

A ofishin da ake gina shafukan intanet, kowa Kawu yake ce masa, don ya girme su duka, har da shugabar. Teburinsa na gindin wata tsohuwar fanka da ta fi shi nishi.

Aikinsa guda ne. Akwai wata manhaja mai duba kurakuran kod, wato rubutun da ake ba kwamfuta umarni da shi, ana ce mata linta, uwar tsegumi. Duk inda ta ga an rubuta window ko document, sunayen da kowace burauza, manhajar buɗe shafukan intanet, ta sani tun tana cikin tsumma, sai ta zabga jan layi, wai ita ba ta san su ba. Kawu kuwa sai ya bi su ɗaya-ɗaya, yana rubuta mata lallashi a saman kowanne: ƙyale wannan, ɗan gida ne. Arba'in a rana, shekara shida, amma sababbi na ta tsirowa, har yanzu saura dubu uku.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ya san maganin. Layi ɗaya tak a fayil ɗin saiti, mai gaya wa linta cewa a burauza kod ɗin zai yi aiki, zai share su duka. To amma idan sun ƙare, shi me zai riƙe? Sababbin dabarun aikin sun daɗe da barinsa a tasha.

Ranar Talata aka ɗauko sabuwar injiniya. Shayinta bai gama hucewa ba ta leƙo.

"Kawu, wa ya bar saitin nan haka? Na gyara. Duba, dubu uku sun tafi!"

"Dukansu, 'yata?"

"Ko na magani babu. Ka huta ke nan!"

"Allah ya yi albarka," in ji shi, da muryar wanda aka taka wa ƙafa a cikin mota.

Can sai ga shugabar. Ta kalli allon, fari tas, ta kalle shi.

"Kawu, gobe ka shigo ofishina mu ɗan zanta."

Da ya koma gida, ya tarar da matarsa tana ninke wanki.

"Baban yara, kai ne da rana tsaka? Ko kora suka yi?" Ta yi dariya.

"Aiki aka rage mini."

"Madalla! Dama bayan nan naka ya gaji. Da yawa aka rage?"

"Duka."

Ta dube shi. A hannunta akwai rigar da zai sa gobe. Ta ajiye ta a kan kujera, ba ta ninke ba, ta zauna kusa da shi.