Rigar da Zuwera Ta Ɗinka wa Uwar Amarya

Duk unguwar da ke bayan babbar kasuwar Gaya an san Zuwera tela, kuma an san ba ta da yawan magana. Masu cewa haƙuri ne da ita ba su san ta ba. Ajiya take yi, kuma abin da ta ajiye ba ya ruɓewa.

'Yar manoman shinkafa ce daga Tanda. Ta koyi keken ɗinki wajen wata mata 'yar Benin, ta auri Yakuba direban kamyo, babbar motar kaya, wanda ya fi kwana a hanya fiye da gida. 'Yarsu ɗaya, Rahama.

Tun tana jaririya Rahama ba ta son tufa. Bakin ɗinki ya taɓa mata wuya sai ta sandare ta yi ta ihu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, ba abin da ya sake. Sai wata likita a Doso ce ta ce ba aljanu ba ne, haka ƙwaƙwalwarta take, abin da fatar wani ba ta ko lura da shi ita kamar ƙaya take jin sa. Daga nan Zuwera ta koma ɗinka mata riguna da tsohon zanen da ya sha wanki, ɗinkin ta waje. A haka yarinyar ta kai shekara bakwai, har ta shiga lakwal, makarantar boko.

Sai Hajiya Halima, yayar Yakuba, mai sayar da shadda. Ranar ƙaramar salla ta zo wa Rahama da riga sabuwa fil, ta sha bugu da sitaci, wuyan duk aiki. Ta tarar Zuwera ta fita gaisuwa. Ta danne yarinyar da gwiwa ta zura mata, ta ɗaure igiyar ta baya. Kafin uwar ta dawo Rahama ta yage wuyanta da farce har jini. Sati uku ba ta yarda ko zare ya taɓa ta ba, balle a je lakwal.

Hajiya ko a jikinta. Cewa ta yi, "Ke ce kinka lalata ta. Bari in gama bikin ɗiyata Rashida, in ɗauke ta riƙo. Ɗiyar ƙanena ce, wata guda ya ishe ni in miƙe ta."

Yakuba ya sunkuyar da kai, don bai taɓa yi wa yayarsa musu ba. Zuwera ta ce, "To, Yaya." Ta tsani matar nan, kuma ba ta nemi tsari daga tsanar ba.

Abin dariya, Hajiya ba ta yarda da ɗinkin kowa sai na Zuwera. Ta aiko da shaddar da za ta sa ranar ɗaurin auren 'yarta. Zuwera ta gangara bakin kogi ta sayo zaren roba na masu kamun kifi, siriri, wanda ido ba ya gani. Ta zuba wa rigar aikin da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Sannan ta bi wuya da hammata da kugu ta ciki, ta soka zaren tana yankewa guntu-guntu, bakinsa a tsaye. Ba ta kai rigar ba sai da safiyar biki.

Uwar amarya ba ta tashi daga tabarma, kuma ba ta susa a gaban surukai. Zafin Gaya ya sauko, gumi ya karyo. Mata suna ta yaba wuyan rigar, ba damar cirewa. Zuwera na gefe tana cin shinkafarta a hankali, tana kallon Hajiya na murguɗa kafaɗa, murmushi na bushe mata a fuska. Har la'asar. Wallahi ta ji daɗi, ba ta ɓoye wa kanta ba.

Washegari Hajiya ta faɗo gidan, wuya duk borin jini, ta jefa mata rigar a juye.

"Mi na yi miki, Zuwera? Da gangan kinka yi!"

"Da gangan, Yaya. Yini guda kinka yi, kuma kina da bakin faɗi."

Hajiya ta tsaya tana haki. Ta dubi ƙofar ɗaki, inda Rahama ke leƙe da tabon farce a wuya, ta kau da kai da sauri.

"Ki riƙe ɗiyarki. Ni da gidan ga har abada."

Ta cika alkawari. Ta janye ƙawayenta kaf, dangin miji suka daina amsa gaisuwar Zuwera, Yakuba ya yi wata biyu yana cin tuwo ba magana. Da aka ce Zuwera ta je ta ba da haƙuri, sai ta ce ta ji, ta ci gaba da taka kekenta. Har yau ba ta je ba, kuma Rahama a ɗakin uwarta take kwana.