Muryar Odile, Sunan Corinne

Kowace safiya Miss Odile Narcisse takan kuskure maƙogwaro da ruwan gishiri, ta goge farar rigarta, sannan ta zauna a baranda tana jiran jin wanda ya rasu. A unguwarmu ta Tremé, nan New Orleans, ba a kai gawa makabarta sai da makaɗa, kuma sama da shekara hamsin muryarta ce ke gaba. Ita ta raka mahaifiyata.

Odile tana budurwa wani kamfani ya ɗauki waƙarta a faifai. Da faifan ya fito, sai ga suna da hoton Corinne Lacey, wata fara siririya da ke yi mata amshi. Alcide mai busa ƙaho yana wurin, ya ce mai kamfanin ko kunya bai ji ba da ya ce mata: "Odile, muryarki zuma ce, amma wannan baƙar fuskar ba za ta sayar da faifai ba." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Corinne ta zauna ta koyi muryar Odile daga faifan, ta zaga duniya da ita. Odile kuwa ta zaga makabartu.

Bara Corinne ta rasu, aka kawo ta gida. 'Ya'yanta suka nemi mai rera waƙar faifan nan a jana'izar, aka nuna musu Odile.

"Yanzu ke zuwa za ki yi?" in ji Alcide. "Ni ko ƙahona ba zan ɗauka ba."

"Tsohon banza, tashi ka ɗauko," in ji ta. "Ka taɓa ganin na bar gawa ta tafi shiru? 'Yar unguwa ce."

Ta rera tun daga ƙofar coci har bakin kabari. Da aka gama, babbar 'yar Corinne ta rungume ta tana kuka: "Miss Odile, gaskiya kin iya kwaikwayon Mama. Kamar ita ce ta tashi." Na buɗe baki zan yi magana, Odile ta take mini ƙafa, ta ce, "Na gode, 'yata." Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ke ce mai rakiyar da ba ta zaɓen gawa, Miss Odile. An ƙwace miki suna, kin ƙi ramawa a kan marayu. Mun gode, ko da yake godiyar ta makara, tun da likita ya ce maƙogwaron ya gaji, ki daina.

Matasan mawaƙa, ku koyi halinta. Sauranmu kuma mu kira sunanta da ƙarfi tun tana ji. Don ranar da za mu raka ta, in muna son muryarta a gaba, faifai ɗaya ne za mu iya sawa, kuma sunan Corinne ne a kansa.