Goɗiyar da Ta San Hanya

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na ja goɗiyata zuwa wani ƙauye bayan Mahuta. Shekaru sun tura, amma har yau in na lumshe ido ina jin takun kofatonta a bayana.

A lokacin ban daɗe da barin aikin soja ba, wayar salula ma ba ta gama shiga ƙauyukanmu ba. Abokan aikina sun dawo Zuru da babura da injinan niƙa, ni kuwa na dawo da goɗiya. Shekara goma sha biyu na yi a bariki ina kula da dawakin da hafsoshi ke buga ƙwallo a kansu, kuma da aka ce ƙafar wannan ta fara nauyi a fitar da ita, sai na karɓe ta. Ja ce mai farin goshi, kunnenta na hagu da ɗan tsagu. Na sa mata suna Raɓa, don ba ta son kiwo sai da sassafe.

'Yar gonata tana gindin dutse a kan hanyar Ribah. Dawa nake nomawa da wake, harawar ta zama ta Raɓa. Amma gaskiya jikina kawai ke noma, zuciyata tana wajen wani doki da ba a haifa ba. Na sa masa suna Shaho tun ba a yi cikinsa ba. In na gama aiki da yamma sai in hau wani falalen dutse in zauna, in riƙa ganinsa ƙarara: baƙi wuluk, da farin goshi irin na uwarsa, yana keta fadama wuyansa a miƙe, mutane suna ihu suna tambayar na wane ne. Wani lokaci sai matata ta kira ni sau uku kafin in ji.

A bariki na koyi jero asalin doki, wane ɗan wane, ɗan wane, har uba bakwai. Na san uban Raɓa dokin Sudan ne, haka dillalin da ya kai ta bariki ya faɗa, kuma da wannan nake taƙama. Shekara uku ina hana ta ƙananan dawakin unguwa, ina cewa jininta ya fi ƙarfinsu. Matata takan yi dariya ta ce, "Baban yara, kai da ka yi shekara bakwai kana noman golmo a gonar ubana kafin a ba ka ni, ka manta har dangin kakarka ta wajen uwa sai da aka tambaya? Su dawaki daga sama suke faɗowa, ba su da uwaye mata?" Sai in ce mata harkar doki ba harkar tuwo ba ce. Ashe ita ce mai ilmin, ni sai yawan baki.

Ana nan likitan dabbobi ya zo, ya buɗe bakin Raɓa ya duba haƙoranta, ya ce, "Sajan, ka daina ruwan ido. In ba ta ɗauki ciki bana ba, ka cire rai." Maganar ta tsaya mini a ƙirji. A makon ne wani direban bas ya ba ni labarin baƙin ingarman wani Alhaji a bayan Mahuta, wanda ya sha cin sukuwa har masu dawaki suka fara gudun haɗuwa da shi. Na aika saƙo ta hannun direban, Alhaji ya ce in kawo goɗiyar. Ranar da Raɓa ta nuna alamar tana neman namiji, na ɗaura mata igiya muka kama hanya a ƙasa, don kwanakin ba su da yawa.

Farkon damina ne. Duwatsu sun yi kore shar, ƙasa tana ƙamshi, gajimare yana bin mu a hankali bai zubar ba. Tafiyar kwana biyu ce, amma ban ji ta a ƙafa ba, don duk inda na duba Shaho nake gani yana tsalle a gefen uwarsa. Da muka wuce Mahuta muka iso inda hanya ta rabu biyu, na tsaya neman wanda zan tambaya. Sai Raɓa ta ja igiya ta yi hagu. A rafi ma ba ta bi inda mutane ke tsallakawa ba, ta gangara ƙasa kaɗan inda ruwan bai kai gwiwa ba. Na ce a raina lallai Allah ne ke jan mu. Ban ko tambayi kaina yadda baƙuwa ta san mashigi ba.

Da muka isa gidan, ta wuce ni kai tsaye zuwa gindin wata tsamiya inda wani tsohon turke yake, ta tsaya kamar wadda ta dawo daga kiwo. Alhaji ya tarbe ni da fara'a, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Na jero masa iyayen Raɓa maza, shi ma ya jero na dokinsa, ba inda suka haɗu. Muka tafa, kowa ya ce an dace.

Sai aka fito da ingarman. Na miƙe tsaye ban sani ba. Baƙi ne wuluk, da farin goshi, dogon wuya, ƙirjinsa cike. Na ce in ubansa haka yake, to Shaho ya gama zuwa.

Daidai nan mahaifiyar Alhaji ta fito daga cikin gida, tsohuwa ce tukuf, da ƙwaryar dusa za ta ba awakinta. Ta hango goɗiyar a gindin tsamiya ta tsaya cak. Ta matsa a hankali, ta kama kunnen hagu ta shafa tsagun, sannan ta ce da ƙaramar murya, "Ladi?" Raɓa ta ɗaga kai ta yi wata 'yar haniniya da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta cusa hancinta cikin ƙwaryar.

Tsohuwa ta juyo gare ni. "Ɗana, wagga goɗiya ina ka samo ta?"

Na ce, "Daga bariki, Inna."

"To nan gida aka haihe ta, ran Lahadi. Kunnen ga, waya ta yage shi a bakin garka, ni na sa mata magani da hannuna." Ta nuna ingarman da haɓa. "Wancan kuwa ɗanta na. Da aka yaye shi marigayi maigidana ya sayar da ita ga dillali, kwana ukku ina kuka. Ku kuna ta ƙidayar ubanni, ba wanda ya ce mi ne sunan uwatai?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce shi yana Kudu wajen fatauci a shekarun, dokin kawai ya tarar. Mai kula da dokin, wani dattijo mai saurin baki, ya ce, "Dabba dai dabba ce, Sajan. Wasu ma da gangan suke haɗa uwa da ɗa, wai jini shi yi kauri. Ka taho tun daga Zuru, ka koma hannu banza?" Inna ta ce ta taɓa ganin ɗan da aka samu ta haka, ƙafafunsa kamar karan dawa, bai ga damina biyu ba. Alhaji ya ce, "Goɗiyarka ce, Sajan. Abin da ka ce shi za a yi."

Ba zan yi ƙarya ba, na so in ce a yi. Na san babu wani ingarma irinsa da zan kai ta wurinsa kafin kwanakinta su wuce, na kuma san bana ce ta ƙarshe. Na ce wa kaina wataƙila a yi sa'a. Sai na dubi Raɓa, kanta a kafaɗar tsohuwa, idonta a lumshe, na tuna ni ne na ɓata mata shekara uku da girman kaina. Yanzu kuma in ɗora mata wahalar ciki a tsufanta don ɗan da ƙila ba zai tsaya da ƙafarsa ba? Na ce, "A mai da shi barga, Alhaji. Na gode."

Alhaji ya ce a ɗaura wa ingarman sirdi. "Kafin ka tahi, hau ɗan goɗiyarka ka ji."

Na hau. Muka gangara fadamar bayan gari, na sassauta linzami kaɗan, shi ke nan. Ciyawa ta zama kore ɗaya, iska ta cika mini baki, balbelu suka tashi fari fat a gabanmu, ban ƙara jin ƙasa a ƙarƙashinmu ba. Wuyansa a miƙe, daidai yadda nake gani daga kan dutsena. A tsakiyar gudun nan ne abin ya faɗo mini: wannan ai Shaho ne. Raɓa ta riga ta haife shi tun kafin in san ta, ya girma, ya ci sukuwa, an yi masa ihu. Na sunkuya na kira sunan a kunnensa, hawaye na bin fuskata zuwa baya.

Washegari muka juyo gida, ni da ita. Da matata ta ji labari ba ta yi mini dariya ba, ruwan zafi kawai ta ɗora mini na gasa ƙafa, sai bayan kwana biyu ta ce, "Harkar doki ba harkar tuwo ba ce, ko?" Raɓa ba ta ƙara haihuwa ba. Ta yi shekara huɗu tana kiwon sassafe a gindin dutse, sannan ta kwanta.

Tun daga ranar, in aka jero mini asalin doki, ko na mutum, nakan bari a gama in ce, to uwar fa? Na kuma koyi cewa abin da kake roƙon Allah kullum, wani lokaci ya riga ya yi shi, sai dai a turken wani ya ɗaure shi. Rabona da Shaho gudu ɗaya ne a fadama, kuma ya ishe ni.